Akwatin Zaɓe Ba Ya Ba da Fatawa: Martani Kan Ƙuri'ar Kalifoniya

Malam, na karanta maƙalarka a kan ƙuri'ar raba gardamar da aka kaɗa a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarar 2008, wadda ta haramta auren jinsi, da yadda kotuna suka rushe ta daga baya. Ka ɗora rubutun gaba ɗaya a kan hujja guda: mutum miliyan bakwai sun yi magana, alƙali ɗaya ya shafe maganarsu da alƙalaminsa, saboda haka dimokuraɗiyyar Amurka yaudara ce, kuma hanya mafi adalci a irin wannan lamari ita ce a kai shi gaban jama'a, abin da masu rinjaye suka ce ya zauna daram. Har ka yi fatan a ce kowace ƙasa ta bi wannan hanya.

Tun da wuri ina so in kawar da wani zato. Ni Musulmi ne, kuma abin da na yi imani da shi game da aure shi ne abin da ka yi imani da shi: namiji da mace, da waliyyi da shaidu da sadaki. Ba a nan muka saɓa ba. Saɓaninmu yana kan abin da ka ɗauko don kare wannan imani. Ka mai da yawan ƙuri'a ma'aunin gaskiya, ni kuwa ina ganin wannan ma'auni ya fi cutar da mu a kan amfanar mu, kuma tarihin jihar da ka kafa hujja da ita ya ishe mu shaida.

Labarin ya fi yadda ka ba da shi tsawo. Kalifoniya tana da wani tsari da ba mu da irinsa a Najeriya. Tun shekarar 1911, zamanin Gwamna Hiram Johnson, aka bai wa talakawan jihar damar yin doka da hannunsu ba tare da bi ta majalisa ba, domin a lokacin kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ya sa 'yan majalisar jihar a aljihu. Duk wanda ya tattara sa hannun mutane da yawansu ya kai kashi 8 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen gwamna na baya, zai iya kai gyaran kundin tsarin mulkin jihar gaban masu zaɓe, kuma rinjaye ko na ƙuri'a ɗaya ne ya isa ya tabbatar da shi. Ta wannan ƙofa aka fara bi a watan Maris na 2000, lokacin da kashi 61 cikin 100 suka amince da Ƙuduri na 22, doka ta gama-gari da ta ce aure tsakanin namiji da mace ne kawai. A 2004 magajin garin San Faransisko, Gavin Newsom, ya yi gaban kansa ya raba takardun aure kusan 4,000 ga masu jinsi ɗaya, Kotun Ƙolin jihar kuma ta soke su duka a shekarar, ta ce ba huruminsa ba ne. Ka lura da wannan, Malam: kotu ce ta taka masa birki.

Sai abin da ka tsallake gaba ɗaya. A 2005, sannan a 2007, majalisar dokokin jihar, wadda jama'a suka zaɓa, ta zartar da dokar halatta auren jinsi, Gwamna Arnold Schwarzenegger ne ya ƙi sa hannu duka karo biyun. Ashe tun kafin alƙalai su yi magana, wakilan jama'a sun riga sun ja wani ɓangare, ƙuri'ar jama'a ta ja wani. Wanne ne muryar jama'a a cikinsu? Rubutunka bai ko yi tambayar ba. Ranar 15 ga Mayu, 2008, Kotun Ƙolin jihar ta yanke hukunci, alƙalai huɗu suka rinjayi uku, cewa Ƙuduri na 22 ya saɓa wa kundin jihar. Shida daga cikin alƙalan bakwai gwamnonin jam'iyyar Republican ne suka naɗa su, har da Alƙalin Alƙalai Ronald George da ya rubuta hukuncin. Daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Nuwamba an ɗaura aure kimanin 18,000. Ranar 4 ga Nuwamba, ranar da aka zaɓi Barack Obama, Ƙuduri na 8 ya yi nasara, ya shigar da haramcin cikin kundin jihar.

Ka ambaci miliyan bakwai sau da yawa, amma ko sau ɗaya ba ka ambaci miliyan shida da dubu ɗari huɗun da suka ce a'a ba. Sakamakon kashi 52 ne da kashi 48. Mai karanta maƙalarka zai tashi da tunanin cewa al'umma guda ce ta haɗa baki aka danne ta, alhali jiha ce da ta rabu kusan gida biyu, bayan ɓangarorin sun kashe sama da dala miliyan 80 a yaƙin neman ƙuri'a. Don adalci, masu adawa da ƙudurin sun ɗan fi kashe kuɗi, kuma duk da haka suka faɗi. Amma tazarar dubu ɗari shida cikin ƙuri'a sama da miliyan goma sha uku tazara ce da ake iya rufewa cikin 'yan shekaru, kuma an rufe ta.

Nan ne tushen martanina. Ranar 5 ga Nuwamba, 2024, an sake kai maganar gaban mutanen Kalifoniya a Ƙuduri na 3. Sama da kashi 62 cikin 100 suka kaɗa ƙuri'ar goge haramcin 2008 daga kundin jihar, a rubuta a madadinsa cewa aure haƙƙi ne na kowa. Babu alƙali a wannan rana, akwati ne da jama'a, irin hanyar da ka ce ita ce mafi adalci. Rinjayen ma ya fi na 2008 nesa ba kusa ba, har ya zarce na 2000. Mutanen Nevada sun yi haka a 2020, na Colorado a 2024. Jihar Maine ta fi su sauri: a 2009 masu zaɓe suka ƙi auren jinsi, a 2012 su ɗin dai suka amince da shi, shekara uku kacal tsakani. A wannan shekarar ta 2012 mutanen Maryland da Washington suka amince da shi ta ƙuri'a, na Minnesota kuma suka yi watsi da yunƙurin haramta shi.

To, Malam, idan abin da masu rinjaye suka ce shi ne daidai, dole ka karɓi hukuncin 2024 da hannu biyu kamar yadda ka karɓi na 2008. Na san ba za ka karɓa ba, ni ma ba zan ce ƙuri'ar 2024 ta canza hukuncin addinina ba. Wannan ke nuna cewa tun farko ba rinjaye ne hujjarka ba. Ka yabi akwatin zaɓe ne saboda ranar ya faɗi abin da kake so. Wanda ya jingina aƙidarsa da ƙuri'a tamkar wanda ya kafa rumfa ne a cikin busasshen rafi da rani. Ƙasa a bushe take, yashi mai laushi, amma damina tana tafe. Abin da nake tsoro shi ne matashin da ya karanta maƙalarka ya gamsu cewa yawan mutane shi ke tabbatar da gaskiya, sannan gobe ya ga alƙaluman 2024. Ka riga ka ba shi ƙa'idar da za ta kai shi inda ba ka nufa ba. Mun tashi a makarantun da aka koya mana cewa annabawa sun sha tsayawa su kaɗai a gaban mutanensu, kuma ba a taɓa ƙirga kawuna don a san halal da haram ba. Me zai sa mu ari ƙa'idar da ta saɓa wa wannan don kawai ta yi mana rana sau ɗaya?

Akwai kuma wani abu da ya kamata mai karatu Bahaushe ya sani. Auren da Ƙuduri na 8 ya kare ba shi ne auren da ake ɗaurawa a ƙofar gidajenmu ba. Aure ne na rajistar gwamnati, mai tattare da haraji da inshora da gado bisa dokar jiha, wanda tun 1970 kowane ɗaya daga cikin ma'aurata ke iya kashe shi a Kalifoniya ba tare da kawo laifin kowa ba. Ƙudurin bai hana masu jinsi ɗaya zama tare ba, bai hana su riƙon 'ya'ya ba, bai taɓa dokar jihar da ta riga ta ba su kusan dukkan haƙƙoƙin ma'aurata a ƙarƙashin rajistar zaman tare ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci gare mu shi ne, wannan rinjayen da kake yabo yana kallon mai mata biyu a matsayin mai laifi. Auren mace fiye da ɗaya laifi ne a dokar Kalifoniya, kuma dokar shige da fice ta Amurka tana hana shiga ga wanda ya zo da niyyar yin sa. Da a ce ranar 4 ga Nuwamba an ƙara tambaya ta biyu a takardar ƙuri'ar, a ce shin a yarda Musulmi ya ajiye mata biyu zuwa huɗu, kai da ni mun san yadda za ta kaya, kuma mafi yawan miliyan bakwai ɗin nan suna cikin waɗanda za su ce a'a.

Mabiya cocin Mormon, waɗanda suka ba da kuɗi da ƙarfi sosai a yaƙin Ƙuduri na 8 bayan shugabanninsu sun sa an karanta wasiƙar kira a majami'unsu a ƙarshen Yunin 2008, sun ɗanɗana wannan tun ƙarni na 19. Kakanninsu suna auren mace fiye da ɗaya a matsayin addini. Majalisar Amurka ta bi su da dokoki daga 1862, aka ɗaure mazajensu, aka ƙwace dukiyar cocin bayan dokar 1887, har suka sanar da barin al'adar a 1890 kafin a karɓi Utah a matsayin jiha a 1896. A wannan karon kotu ba ta cece su ba: a 1879 Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan masu rinjaye a shari'ar George Reynolds. Na kawo wannan ne don kada ka ɗauka ina cewa alƙalai ma'asumai ne. Suna kuskure, suna bin iska, wani lokaci suna zalunci. Abin da nake cewa shi ne, ga wanda yake cikin 'yan tsiraru, kotu ƙofa ce da ke iya buɗewa, akwatin zaɓe kuwa a rufe yake gare shi tun kafin a fara ƙirga.

Mu koma Kalifoniya a 1964. Shekara guda kafin nan majalisar jihar ta yi dokar hana masu gidaje ƙin sayarwa ko bayar da haya ga mutum saboda launin fatarsa, dokar da ake kira da sunan William Byron Rumford, baƙar fata ɗan majalisa daga Berkeley. Dillalan gidaje suka tattara sa hannu, suka kai Ƙuduri na 14 gaban jama'a, kusan kashi 65 cikin 100 suka amince a rushe dokar, a mayar wa mai gida 'yancin korar baƙar fata daga ƙofarsa. Kotun Ƙolin jihar ta soke wannan ƙuri'a a 1966, ta tarayya ta tabbatar a 1967. Hanya ɗaya ce, jiha ɗaya ce, rinjayen ya fi na 2008 girma. Bisa ƙa'idarka, waɗannan alƙalan ma sun yi wa dimokuraɗiyya fashi.

Amma misalin da nake so ka tsaya a kansa da kyau shi ne na Oklahoma. A Nuwamban 2010, shekara biyu bayan ƙuri'ar da kake yabo, aka kai wa mutanen wannan jiha tambaya mai lamba 755: shin a gyara kundin jihar a haramta wa kotuna duba Shari'ar Musulunci ko la'akari da ita? An ambaci Shari'a da sunanta, ba a ambaci dokar wani addini ba. Kimanin kashi 70 cikin 100 suka ce e. Musulmin jihar ba su kai kashi ɗaya cikin 100 na jama'a ba. Ko da kowanensu ya fito da iyalinsa da maƙwabtansa, ƙuri'arsu ba za ta motsa komai ba. Kwana biyu bayan zaɓe wani matashi Musulmi, Muneer Awad, shugaban reshen ƙungiyar Musulmi ta CAIR a jihar, ya shigar da ƙara. Daga cikin hujjojinsa akwai wasiyyarsa. Ya rubuta ta bisa koyarwar Musulunci, kuma idan gyaran ya fara aiki, kotun da za ta zartar da ita bayan rasuwarsa ba za ta iya ko duba abin da ya dogara da shi ba. Ka yi tunanin sauran abin da zai biyo baya: takardar sadaki, yarjejeniyar ciniki marar riba, saɓani tsakanin mai sayar da naman halal da abokin cinikinsa, auren da aka ɗaura a Kano ko Zinder aka zo da shi gaban alƙali a can.

Alƙaliya ɗaya, Vicki Miles-LaGrange, ita ta dakatar da wannan gyara. Mutum ɗaya ta tsaya a gaban kashi 70 cikin 100. A Janairun 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta goyi bayanta, ta kuma nuna cewa lauyoyin jihar da bakinsu sun amsa ba su san ko misali ɗaya da wata kotun Oklahoma ta taɓa aiki da Shari'a har ya haifar da matsala ba. A 2013 aka binne gyaran gaba ɗaya. Duk kalmar da ka yi amfani da ita a kan alƙalin Kalifoniya, masu ƙin Musulmi sun yi amfani da irinta a kan wannan baiwar Allah: wai ta raina jama'a, wai ta ɗora ra'ayinta a kan na ɗaruruwan dubban mutane. Ina tambayarka tsakani da Allah, ta yi daidai ko ba ta yi ba?

A inda babu irin wannan alƙali, mun ga abin da ya faru. A Nuwamban 2009 mutanen Suwizalan suka kaɗa ƙuri'ar hana gina hasumiyar masallaci da kashi 57 da rabi, a ƙasar da hasumiyoyinta duka huɗu ne a lokacin, kuma haramcin yana nan cikin kundinsu. A gida ma, lokacin da Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar a Yunin 2022 cewa ɗalibai Musulmi suna da 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas, mun yi murna, ba mu ce a kai maganar ƙuri'a ba. Babbar kotun jihar ta goyi bayan gwamnati a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta gyara a 2016. Musulmin da ke neman filin masallaci a garin da ba su da yawa, da Kiristan da ke neman filin coci a garin da mu ne masu yawa, babu ɗayansu da zai so a ce maƙwabta su ɗaga hannu a ƙirga.

Na san amsarka, domin na ji ta daga wasu: yaya za a haɗa Shari'ar Allah da abin da Allah ya haramta? Ban haɗa su ba, kuma ba zan haɗa su ba. Wanda ya haɗa su shi ne tsarin da ka yaba. Akwatin zaɓe ba ya tambayar wane ne ke da gaskiya a wajen Allah, yana ƙirga takardu ne kawai. Amurka ba daular Musulunci ba ce, kundinta ya hana gwamnati fifita wani addini, kuma kariyar da ta rage wa Musulmi a can ita ce ƙa'idar cewa akwai abubuwan da rinjaye ba ya iya ƙwacewa daga hannun mutum. Ba za ka iya rushe wannan ƙa'ida ranar Litinin don ta kare wanda ba ka so, sannan ka neme ta ranar Talata don ta kare ɗan'uwanka ba. Wannan ƙa'idar dai ita ce ta sa hukuncin Kotun Ƙolin Kalifoniya na Mayun 2008 ya faɗa ƙarara cewa ba za a tilasta wa wani malamin addini ɗaura auren da ya saɓa wa imaninsa ba. Limamin masallaci a Los Anjeles yana ɗaura aure yau kamar yadda yake ɗaurawa kafin 2008.

Game da Vaughn Walker, alƙalin da ya rushe Ƙuduri na 8, ka ce hukuncinsa na 4 ga Agusta, 2010 ba shi da daraja tunda shi kansa ya bayyana bayan ya yi ritaya cewa yana zaune da namiji. An kai wannan ƙorafi kotu a 2011, wani alƙali daban, James Ware, ya yi watsi da shi. Dalilin a fili yake: idan aka bi wannan, baƙar fata ba zai saurari ƙarar wariyar launi ba, mace ba za ta saurari ƙarar mata ba, alƙali Musulmi ba zai zauna a shari'ar hijabi ba. Walker kuma ba 'yan sassauci ne suka kawo shi ba; Ronald Reagan ne ya fara gabatar da sunansa, George Bush babba ya naɗa shi a 1989. Abin da ya fi dacewa ka duba shi ne yadda shari'ar ta gudana a Janairun 2010. Masu ƙara, ƙarƙashin lauyoyi Ted Olson da David Boies, waɗanda suka kara da juna a shari'ar zaɓen Bush da Gore a 2000, sun gabatar da shaidu 17. Masu kare ƙudurin shaidu biyu kacal suka kawo, kuma babban cikinsu, David Blankenhorn, ya fito fili a 2012 ya ce ya daina adawa da auren jinsi. Matsalarsu ita ce ainihin dalilin mafi yawan magoya bayansu na addini ne, kotun Amurka kuwa ba ta karɓar aya a matsayin hujjar doka, sai suka koma neman hujjojin binciken zamantakewa, waɗanda suka kasa tsayawa a gaban tambayoyin lauyoyi. Kuma ba Walker kaɗai ba ne: kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da rushewar a Fabrairun 2012, biyu suka rinjayi ɗaya.

Ka kuma kawo cewa kashi 70 cikin 100 na baƙaƙen fata sun goyi bayan ƙudurin, ka mai da shi abin alfahari. Wannan adadi ya fito ne daga tambayar masu fitowa daga rumfar zaɓe, kuma binciken da aka yi daga baya ya sauko da shi ƙasa da kashi 60, ya nuna cewa yawan zuwa wurin ibada da shekaru da jam'iyya sun fi launin fata tasiri. Adadin farko ya jawo wa baƙaƙen fatar jihar zagi da tsangwama daga waɗanda suka faɗi zaɓe, bai kamata mu ci gaba da yaɗa shi ba.

Wani abin da ya dame ni shi ne harshenka a kan masu auren jinsin. Ka kira su da sunayen da ba zan maimaita ba. Mutum 36,000 ne suka yi rajistar aure a lokacin da dokar jiharsu ta ce su yi, wasunsu da 'ya'ya a gida, suka wayi gari ba su san matsayinsu ba. Ko Kotun Ƙolin jihar, da ta tabbatar da Ƙuduri na 8 a Mayun 2009 da rinjayen shida da ɗaya, ta ƙi yarda a warware abin da aka riga aka ƙulla. Mutum yana iya riƙe hukuncin addininsa gam-gam ba tare da ya cire wa ɗan Adam rigar mutunci ba. Zagi bai taɓa shiryar da kowa ba, kuma a wurarenmu mun san inda irin wannan harshe ke kai matasa idan aka nuna musu wani da yatsa.

Yanzu ga inda kake da gaskiya, kuma ba zan rage maka ita ba. An cutar da wasu daga cikin magoya bayan ƙudurin. Dokar jihar tana bayyana sunan duk wanda ya ba da dala 100 ko fiye, aka ɗauki sunayen aka zuba a taswirar intanet, aka ƙaurace wa kasuwancin wasu, aka yi zanga-zanga a ƙofar wuraren ibadar Mormon. A 2014 Brendan Eich ya sauka daga shugabancin kamfanin Mozilla cikin mako biyu da hawansa, saboda dala 1,000 da ya bayar don goyon bayan ƙudurin shekara shida kafin nan, a shekarar da Obama da kansa yake cewa aure tsakanin namiji da mace ne. Wannan ba daidai ba ne, kuma wanda ya ce yana kare 'yan tsiraru ya kamata ya fara faɗin haka.

Babban ƙorafin da ya kamata ka yi, wanda ka wuce shi da layi ɗaya, shi ne yadda shari'ar ta ƙare. Gwamna Schwarzenegger da Antoni Janar Jerry Brown sun ƙi kare ƙudurin a kotu, Kamala Harris da ta gaji Brown ita ma ta ƙi. Sai waɗanda suka kawo ƙudurin suka tsaya da kansu, kuma Kotun Ƙolin jihar ta ce a 2011, baki ɗaya, dokar Kalifoniya ta ba su wannan dama. Amma ranar 26 ga Yuni, 2013, Kotun Ƙolin Amurka, biyar da huɗu, ta ce ba su da hurumin ɗaukaka ƙara a kotun tarayya. Ba ta ce ƙudurin daidai ne ko kuskure ba, ta ƙi shiga maganar ne, hukuncin Walker ya zauna, aka ci gaba da ɗaura aure bayan kwana biyu. Rabuwar alƙalan ta rushe duk wani zargi na maƙarƙashiyar alƙalai: Antonin Scalia, wanda ya fi kowa adawa da auren jinsi a kotun, yana cikin waɗanda suka rufe ƙofa, Anthony Kennedy kuwa, wanda zai rubuta hukuncin halatta shi a duk faɗin ƙasar a 2015, yana cikin waɗanda suka ce a saurare su. Kennedy ɗan Sacramento ne, ya san dalilin da ya sa aka kafa tsarin a 1911: don jama'a su iya tsallake masu mulki. Idan gwamna da Antoni Janar za su iya kashe dokar da jama'a suka yi ta hanyar naɗe hannu kawai, an mayar wa masu mulki ikon da aka ƙwace daga gare su. Ina tare da Kennedy a nan. Miliyan bakwai ɗin nan sun cancanci a saurari lauyansu har kotun ƙarshe, a ba su amsa a kan ainihin maganar, ko da amsar ba za ta yi musu daɗi ba. Idan ka rubuta wannan maƙalar zan sa hannu a ƙasanta tare da kai, sai dai ka sani cewa abin da za mu nema a cikinta shi ne kotu ta buɗe ƙofa ta saurari ƙara, wato ƙarin aikin alƙalan da ka ce a kore su daga maganar.